Yadda za ka koma LibreOffice ba tare da aikinka ya tsaya ba

Shagon buga takardu nake da shi a wajen Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Kwamfuta huɗu ne da firinta biyu da injin hoto ɗaya, sai janareto a bayan shago. Shekaru da dama, duk lokacin da kwamfuta ta samu matsala sai in kira mai gyara ya wanke ta, ya ɗora mini manhajar ofis irin wadda aka fasa makullinta. Kafin ya ɗora sai ya kashe manhajar kariya, ya ce in ba haka ba ba za ta zauna ba. Wata rana a tsakiyar lokacin furojet, fayilolin da ke filashin wata ɗaliba suka koma gajerun alamomi marasa buɗuwa, daga kwamfutata ƙwayar cutar ta shiga. Ta tsaya a bakin kanta tana cewa, "Malam, babi uku ne a ciki, gobe zan kai wa mai duba ni." Mun ceto aikin bayan la'asar, amma tun daga ranar na daina yarda a ɗora mini abin da sai an kashe mai gadi kafin ya shigo gida.

Akwai kuma abin da ya fi cutar kwamfuta damuna. Mutum yana neman halal da sana'arsa, amma kayan aikin da yake cin abinci da shi haƙƙin wasu ne da bai biya ba. Wanda yake da halin sayen Microsoft Office na gaskiya, ko biyan kuɗin Microsoft 365 wata-wata ko shekara-shekara, ya saya, kaya ne mai kyau. Wanda ba shi da hali, akwai hanyar da babu sata a ciki kuma babu biya, wato LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta.

Me ake nufi da kyauta a nan

LibreOffice ba sabon abu ba ne. Asalinsa StarOffice ne, na wani kamfanin Jamus, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saya a 1999, ya kuma buɗe rubutun da aka gina manhajar da shi ga kowa a shekarar 2000. Daga nan aka samu OpenOffice. Da Oracle ya saye Sun a 2010, sai da yawa daga masu aikin suka ware suka kafa gidauniyar The Document Foundation mai mazauni a Jamus, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice. Lasisinsa ya yarda ka sauke, ka ɗora a kwamfuta ɗari, ka kwafa wa maƙwabcinka a filashi, ka yi kasuwanci da shi. Babu lambar kunnawa, babu jan layin da zai fito a sama yana ce maka wa'adi ya ƙare. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta sanar da cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kansa, don haka ba kayan wasan yara ba ne.

Abubuwa shida ne a ciki. Writer na rubutu, shi ne madadin Word. Calc na lissafi, madadin Excel. Impress na gabatar da jawabi a majigi, madadin PowerPoint. Sai Draw na zane, Base na rumbun bayanai, da Math na rubuta alamomin lissafi. Ukun farko su ne abincin yau da gobe.

Za ka ji ana ambaton wasu. Apache OpenOffice yana nan har yanzu, amma tafiyarsa ta yi sanyi ƙwarai, ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi ba. ONLYOFFICE shi ma kyauta ne kuma a buɗe yake, fuskarsa ta fi kama da ta Word, kuma yana riƙe fasalin fayilolin docx da kyau. Ina ajiye shi a kwamfuta ɗaya saboda takardun da suka zo da ado mai yawa. WPS Office da ke wayoyin mutane da yawa ana samunsa ba biya, sai dai rubutun gininsa a rufe yake, kuma wasu abubuwan sai ka biya.

Saukewa da ɗorawa

Kafin komai, duba irin Windows ɗinka. Shiga Settings, sai System, sai About, ka ga ko 64 ce ko 32. Idan tsohuwar kwamfuta ce mai Windows 7 ko 8, ka sani fitowar 25.8 da na bayanta ba sa hawa kanta, 25.2 ce ta ƙarshe da ke karɓarta, kuma tsofaffin fitowa suna nan a ma'ajiyar shafinsu. Lambobin ba su da wuyar ganewa: tun daga 2024 suke sa shekara da wata, wato 24.2 na nufin Fabrairun 2024, 24.8 kuma Agusta.

Daga libreoffice.org kaɗai za ka sauke. Kada ka rubuta sunan a wurin bincike ka danna duk abin da ya fara fitowa, domin akwai shafukan da ke cusa wasu tarkace a cikin fayil ɗin. Nauyinsa ya kai megabayit 350 ko kusa da haka. Ni da dare nake saukewa, lokacin da data ta fi araha kuma sabis ya fi sauri, sau ɗaya tak, in zuba a filashi mai tsabta in bi sauran kwamfutocin da shi. Idan kana son littafin taimako ya yi aiki ba intanet, shi ma akwai fayil ɗinsa daban a shafin.

Ɗorawar kanta ba ta da labari. Danna fayil ɗin sau biyu, Next, Typical, Install, Finish. Abu ɗaya kawai zan ja kunne a kai: kada ka goge tsohuwar manhajarka a ranar. Bar su su zauna tare sati biyu ko uku. Ka kwafi fayiloli goma da ka fi aiki da su, takardar shaidar biya, jarrabawar makaranta, wasiƙar neman aiki, ka buɗe kwafin a sabuwar ka ga yadda suka fito. Asalin fayilolin kada ka taɓa su tukuna.

Saitin ranar farko

Yawancin waɗanda suka ce sun gwada bai yi musu ba, nan suka tsallake. Minti goma sha biyar ne, kuma su ne ke raba mai jin daɗin manhajar da mai zaginta.

Buɗe Writer, ka je Tools, sai Options, sai Load/Save, sai General. Za ka ga wurin da ke ajiye aikinka da kansa duk bayan minti goma. Mayar da shi minti uku. A garin da za a iya ɗauke wuta kana tsakiyar sakin layi, kwamfutar tebur kuma ba ta da batir, minti goma shafi guda ne ya tafi. Sa alama kuma a Always create backup copy. A ƙasan wannan shafin akwai Always save as. A nan za ka yanke shawara. LibreOffice yana ajiya ne da nasa tsarin, odt na rubutu, ods na lissafi, odp na majigi, tsarin da hukumar ma'auni ta duniya ISO ta amince da shi tun 2006. Idan aikin naka ne kai kaɗai, bar shi haka, ya fi zama daidai. Idan kuwa kullum fayil ɗin zai fita zuwa ofishin wani ko wayar kwastoma, zaɓi Word mai docx, ka yi wa Spreadsheet xlsx, Presentation kuma pptx. A shago ni docx na sa, domin kusan duk wanda ya shigo da filashi zai koma da shi wurin mai Word ne.

Sai fuska. Wanda ya saba da Word na zamani zai ga maɓallan a watse. Je View, sai User Interface, ka zaɓi Tabbed, ka danna Apply to All. Nan take za ka ga Home da Insert da Layout a jere kamar yadda ido ya saba. Yaran shagona sai da na yi musu wannan suka daina ƙorafi.

Sai takarda. Format, Page Style, ka tabbatar A4 ce, ba Letter ta Amurka ba, wadda ta fi gajarta kuma take sa ƙasan shafi ya rikice a firinta. Gyara faɗin gefe, ka sa irin rubutun da kake so, misali Times New Roman mai girman 12. Don kada ka riƙa maimaita wannan kullum, je File, Templates, Save as Template, ka ba shi suna, ka sa alama a Set as default template. Daga yau duk sabon shafi da haka zai buɗe.

Haruffanmu masu lanƙwasa da rubutun Larabci

Wannan ɓangaren ya fi kowane daɗe mini a rai, domin abin takaici ne a buga katin ɗaurin aure ko littafin Hausa na firamare a rubuta baki inda ake nufin baƙi, ko kafa a maimakon ƙafa. A Writer, kowane harafi yana da lamba. Rubuta U+0199 ka danna Alt da X tare, zai koma ƙ. U+0257 shi ne ɗ, U+0253 shi ne ɓ, U+01B4 kuma ƴ ga masu bin rubutun Nijar. Manyansu U+0198, U+018A, U+0181 da U+01B3. Alamar naira U+20A6 ce. Kada ka bar U+ ɗin nan, musamman a tsakiyar kalma: idan ka rubuta ba sannan 0199 a manne, manhajar za ta ɗauki b da a a matsayin wani ɓangare na lambar, ta fito maka da abin da ba ka nema ba.

Ba wanda zai haddace lambobi yana buga shafi hamsin. Don haka je Insert, Special Character, nemo kowanne ka danna Add to Favorites. Za su zauna a ƙarƙashin maɓallin alamomi, dannawa ɗaya. Sannan ka koya wa manhajar kalmomin da kullum da lanƙwasa suke zuwa: Tools, AutoCorrect, AutoCorrect Options, a shafin Replace ka sa daya ta koma ɗaya, hudu ta koma huɗu, dalibi ta koma ɗalibi, kauye ta koma ƙauye. A wurin zaɓen harshe na saman akwatin ka zaɓi All don ya yi aiki a kowane rubutu. Amma kada ka sa kasa ta koma ƙasa ko bari ta koma ɓari, domin duka biyun kalmomi ne masu zaman kansu. Waɗannan sai da idonka. Wanda ke buga Hausa kullum, ya ƙara allon madannai na Hausa a saitin harshe na Windows, ya fi komai sauƙi. Jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kuwa, Shift da F7 ke kashe shi.

Malaman Islamiyya su ma an yi da su. A Options, wurin saitin harsuna, sa alama a Complex text layout ka zaɓi Arabic. Bayan haka Ctrl da Shift da D na mayar da sakin layi daga dama zuwa hagu, Ctrl da Shift da A na dawo da shi. Da haka muke buga jarrabawar Fiƙihu da Tajwidi, tambaya da Larabci, bayani da Hausa, a shafi ɗaya.

Furojet: babi, jerin abubuwan ciki da lambar shafi

Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da na Al-Qalam, da na kwalejin Hassan Usman da ta horon malamai ta tarayya, duk buƙatarsu ɗaya ce: shafukan farko su ɗauki lambar Romawa, i, ii, iii, babi na ɗaya ya fara daga 1, jerin abubuwan ciki kuma ya dace da shafukan.

Kada ka ƙara wa kan babi girma da kauri da hannu. Sa alamar rubutu a kan layin, ka danna Ctrl da 1, ya zama Heading 1. Ƙananan kanu irin 1.1 da 1.2, Ctrl da 2. Idan launi ko girman bai yi maka ba, danna F11, ka danna sunan salon da maɓallin dama, ka gyara sau ɗaya, duk kanun littafin su canza tare. Da ka gama, koma shafin da kake son jerin ya zauna, Insert, Table of Contents and Index, ka danna OK. Idan mai duba aiki ya sa an ƙara shafi biyar a babi na biyu, danna jerin da maɓallin dama ka zaɓi Update Index, lambobin su gyara kansu. Na ga ɗalibai suna kwana suna jera ɗigo-ɗigo da hannu, abin da bai kai minti ɗaya ba.

Lambar shafi ita ce inda Writer ya bambanta da Word, kuma sai ka fahimci tunaninsa. Shi kowane shafi riga yake sawa, wadda ake kira Page Style. Za ka ɗinka riga biyu. A F11, shiga ɓangaren salon shafi, danna dama ka zaɓi New, ka sa masa suna Gabatarwa. A shafin Page ka mayar da Page numbers zuwa i, ii, iii, a Footer ka kunna shi. Koma shafin farko na aikin ka danna Gabatarwa sau biyu. Yanzu je ƙarshen shafin da ke gaban babi na ɗaya, Insert, More Breaks, Manual Break, zaɓi Page break, a Page Style ka ɗauki Default Page Style, sa alama a Change page number ka rubuta 1. Kunna Footer na wannan rigar ita ma, ka shiga ƙasan shafi a kowane ɓangare ka saka lambar daga Insert. Karon farko zai ɗauke ka minti goma. Ajiye shi a matsayin samfuri, ɗalibi na gaba zuba rubutunsa kawai za ka yi.

Gyaran da malami ya yi da jan rubutu a Word, da bayanan da ya manna a gefe, suna fitowa a Writer. Edit, Track Changes, Manage, ka karɓa ko ka ƙi ɗaya bayan ɗaya.

Calc: sakamakon jarrabawa da littafin shago

Wata shugabar makarantar firamare mai zaman kanta ta zo da takardun aji shida a jaka, ta ce, "Ɗana, kowane zango sai mun yi sati muna tara maki da kalkuleta." Na ce, "Hajiya, zauna ki gani." Sunaye a layin B, gwaji na ɗaya a C, na biyu a D, jarrabawa a E. A F2 na rubuta =SUM(C2:E2). A G2, don matsayi a aji mai yara 40, =RANK(F2;F$2:F$41). Alamar dalar nan ita ke riƙe jerin kada ya zame idan an ja shi ƙasa. A H2, =IF(F2>=40;"Ya ci";"Ya faɗi"). Na kama ɗan ɗigon da ke kusurwar akwatin na ja har layi na 41. Ta cire tabarau ta sake dubawa.

Abu biyu ke cizon sabon shiga. Lambar waya: idan ka rubuta 080 sifilin farko zai ɓace, sai ka fara zaɓar layin gaba ɗaya, Format, Cells, ka mayar da shi Text kafin ka fara bugawa. Sai fitarwa a firinta: faffaɗan tebur yakan tsage gida biyu. Format, Page Style, shafin Sheet, a Scaling mode ka zaɓi wanda ke matse faɗin cikin shafi ɗaya, ka juya takardar a kwance idan layukan sun yi yawa. Kusan duk ƙa'idojin lissafin Excel suna aiki a nan da sunayensu, har XLOOKUP an ƙara tun fitowar 24.8.

Impress ba ya buƙatar dogon bayani. Yana buɗe pptx, F5 ke fara nunawa. Ka gwada a majigin kafin ranar kare furojet, kuma ka rage rawar da shafuka ke yi wajen sauyawa.

Inda ake samun saɓani, da maganinsa

Ba zan ce maka komai zai fito kamar yadda ya shiga ba. Takardar Word mai akwatunan rubutu a kan hoto, ko tebur a cikin tebur, takan ɗan goce. Sau da yawa laifin na irin rubutun ne: idan an buga da wanda babu shi a kwamfutarka, kamar Aptos da sababbin Office ke farawa da shi, manhajar za ta ari wani, layuka su motsa, shafi 60 ya zama 62. Za ka gane haka idan sunan rubutun a sama ya fito a karkace. Zaɓi duka ka mayar Times New Roman ko Arial. LibreOffice yana zuwa da Carlito mai faɗi ɗaya da Calibri, da Caladea mai faɗi ɗaya da Cambria, da Liberation Serif da ke tsayawa a gurbin Times New Roman. Fayilolin Excel masu macro, wato ƙananan umarnin da aka dasa a ciki don su yi aiki da kansu, irin waɗanda wasu ofisoshi ke rabawa a cike, wasu na aiki wasu ba sa yi. Irin wannan a gwada tun da wuri, idan ya ƙi a cike shi a inda aka gina shi. Wanda aikinsa ya dogara da Access ma, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, kada ya yi tsammanin Base zai karɓe shi kai tsaye.

Duk abin da ba gyara za a yi masa ba, tura shi a PDF. File, Export As, Export as PDF. Yadda ka gan shi haka zai fito a kowace waya da kowace firinta. Idan shafin neman aiki ko na makaranta ya ce fayil kada ya wuce wani nauyi, a akwatin nan ka sa alama a Reduce image resolution ka zaɓi 150, ka rage ingancin hoto zuwa 70 ko 80. Akwai kuma Hybrid PDF, wanda ke ɓoye asalin rubutun a ciki, ta yadda in ka sake buɗe shi a LibreOffice zai buɗe a Writer ka ci gaba da gyara. Idan kuma PDF ɗin wani ne aka kawo a gyara harafi ɗaya ko kwanan wata a katin gayyata, Draw na buɗe shi layi-layi. Takardar shaida ko sakamakon jarrabawa kuwa, ko nawa za a biya, ba a taɓa su a shagona.

Ga mai son duba fayil a waya, akwai Collabora Office a Android, wanda aka gina a kan LibreOffice. Sabuntawa kuma ba sai kowane wata ba. Babbar fitowa sau biyu ce a shekara, Fabrairu da Agusta, kuma shafin yakan nuna guda biyu, sabuwa da wadda ta gabace ta. A kwamfutar da ake cin abinci da ita, ɗauki wadda ta gabata, an fi tace kurakuranta, ka ɗora a kan tsohuwar kai tsaye, saitinka ba zai goge ba. Ni nakan jira a gama lokacin furojet da na jarrabawar zango kafin in taɓa kowace kwamfuta a shagon.